Sanarwa kan aikin shigar da IPv6 cikin laburarenmu

Assalamu alaikum, ƴan'uwa mambobin wannan rukuni.

Ana sanar da ku cewa daga ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar la'asar, za mu fara zama a Samaru domin gyara laburaren sadarwar (wato tarin umarnin kwamfuta) da muka rubuta da harshen Python, ta yadda zai karɓi adireshin IPv6, wato sabon tsarin adireshin na'urori a intanet. Dalili kuwa, adireshin tsohon tsarin IPv4 mai bit 32 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun watan Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet ta raba kasonta na ƙarshe, alhali IPv6 bit 128 gare shi.

Babbar matsalar tana wurin da muka yi amfani da umarnin neman adireshi mai suna gethostbyname, wanda IPv4 kaɗai ya sani, saboda haka dole a musanya shi da getaddrinfo. Akwai kuma layin da ke raba adireshi da lambar fot (wato ƙofar sadarwa a kwamfuta) a kan alamar ɗigo biyu. Jiya da na ba shi [::1]:8080 sai ya rikice nan take, domin shi kansa adireshin cike yake da ɗigo biyun.

Duk mai zuwa ya taho da kwamfutarsa a cike da caji, kun dai san halin wutarmu.