Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina Kan Tsofaffin Taswirorin Bakin Iyaka

Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, roƙonmu a tattaro tsofaffin taswirorin ƙasar kiwo ta bakin iyakarmu da Nijar, daga Jibiya da Kaita zuwa Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, kafin gara da ruwan damina su ƙarasa su.

Turawan Ingila da Faransa sun kafa turakun iyakar nan tsakanin 1906 da 1908. Daga baya aka zana taswirori daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960, suna nuna tuddai, rafuka, rijiyoyi, dazuzzuka da hanyoyin ƙafa. Idan rigimar burtali ko mashaya ta tashi, su ne shaidar da ba ta da dangi a ɓangaren manomi ko makiyayi.

Amma a bi a hankali. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, wato kaurin layin fensir ya isa ya haɗiye burtali sukutum. An kuma zana su bisa tsohon tsarin lissafin wurare na Najeriya da ake kira Minna, alhali GPS na wayoyi da tsarin duniya mai suna WGS84 yake aiki. Wanda ya ɗora wannan kan wancan bai juya lissafi ba, sai ya ga iyaka ta gusa da mitoci masu yawa, gonar wani ta faɗa cikin makiyaya. Tsayin ƙasa da ma'aunin ƙafa aka rubuta shi a taswirorinmu, a na Faransawa na ɓangaren Nijar kuwa da mita.

Don haka kada a ɗauke su da kyamarar waya, gefe yana lanƙwashewa. A shimfiɗa su a babbar na'urar sikanin, aƙalla dpi 400 (ɗigo 400 a kowane inci, don hoton ya fito tangaran), har da rubutun gefen takarda, don nan ne shekarar ɗaukar hoto take, kuma ta kan girmi shekarar bugawa. Kada a liƙa salatif, kada a rufe su da leda mai zafi.

Sannan masu safiyo su fita da dagatai da arɗo-arɗo, a gwada da abin da ba ya motsi: turakun iyaka, duwatsu, tsofaffin rijiyoyi. Rafi ba abin dogaro ba ne, yashi kan sauya masa hanya.

Kwafen da suka ɓace a nema a ofishin Babban Safiyo na Tarayya da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a ajiye kwafi a KATGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Katsina, da masarautun Katsina da Daura.

Allah ya taimaki Gwamna.

Daga wasu masu aikin safiyo, Daura.