Daga fentin gida zuwa gwanin zane

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in kawo labarin wani mai zane baƙar fata ɗan Amurka, Robert Duncanson, saboda ya shafi yaranmu na nan Zariya masu rubuta allon shago da zanen bayan manyan motoci.

An haife shi a 1821 a jihar New York, ya tashi a Michigan yana fentin gida da kafinta, sana'ar gidansu kenan. Bai shiga wata makarantar zane ba, hotunan da aka buga yake samu ya yi ta kwaikwaya har hannu ya faɗa. Da ya koma wajajen Cincinnati sai ya riƙa zana fuskokin mutane ana biyansa, a lokacin fa kogin Ohio kawai za ka ƙetare ka faɗa Kentucky inda ake cinikin baƙaƙe irinsa.

Wani attajiri ne, Nicholas Longworth, ya ɗaga shi, ya ba shi bangon gidansa ya yi masa manyan zane 8 na daji da koguna, gidan yanzu shi ne gidan tarihi na Taft kuma zanen na nan daram. A 1853 ya zaga Ingila da Faransa da Italiya, yaƙin basasar Amurka ya sa ya koma Kanada a 1863. Ya rasu a Detroit a 1872 yana da shekara 51.

To mu fa? Garin shahararren magini Babban Gwani ne nan, ga sashen zane na ABU a Samaru, nan manyan masu zane su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi karatu tun wurin yana kwaleji kafin ya zama jami'a, amma yaron da ke Sabon Gari da ɗan gwangwanin fenti da buroshin da gashinsa ya zube, in ya yi sa'a shi ne a ce ya zana kan aski a jikin shago ko kaza a wajen mai gashi, kuɗin ma sai an kai ruwa rana. Alhazanmu kuwa sai su kashe miliyoyi a tayil da silin, bangon falo fayau.

Na san wasu za su kawo maganar zanen mai rai, wannan na bar wa malamai. Amma ai shi Duncanson ɗin da itatuwa da duwatsu ya yi suna, wa zai yi maka faɗa don ka zana dutsen Kufena ko kogin Galma da damina?

Roƙona ku turo wakilinku ya zauna da yaran nan, ku buga aikinsu a shafin ƙarshen mako ko wani mai hali zai gani.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya