Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Maƙera da Masu Haɗa Sola, Katsina

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa da 'yan uwa.

Bana da gardama muka buɗe shekara. A zaman farko wani matashinmu ya miƙe ya ce shi ya halicci injin casar geron da ya kawo, sai Baba Shugaba ya tsayar da shi, ya ce halitta ta Allah ce, namu dai ƙira. Maganar ta yi zafi har muka ware mata zama na musamman. Malamin da muka gayyato ya ce maƙeri bai yi ƙarfe ba, bai yi wuta ba. Iliminsa shi ne sanin lokacin da ƙarfe ya yi ja har zai karɓi guduma. Ya ba mu labarin Al-Jazari, masanin ƙira injuna wanda ya kammala littafinsa kan na'urori, har da injunan ɗaga ruwa, a 1206, da ɗan ƙasarmu Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaranmu da yawa ba su taɓa jin sunan al-Kashinawi ba, kuma wannan ya dame ni.

Daga wannan zama ne aikin da na fi alfahari da shi ya fito. Mun koya wa masu sayar da tumatir haɗa tukunya cikin tukunya don sanyaya tumatir, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi kyautar Rolex ta masu sabbin dabaru a 2000. Ana zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen biyu. Ruwan na ƙafewa yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi, kamar dai randar iyayenmu mata. Da bazara ta yi aiki sosai. Da damina ta kama, iska ta yi laima, sanyin ya ragu, mun kuma gaya musu haka tun farko.

Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, manoman rani na Ajiwa ke nemanmu kan famfon sola, mun kuwa haɗa musu. Guda ya ƙone saboda mun bi kayan araha. Laifinmu ne, daga asusu muka biya.

Asusun ya yi ƙasa. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah ku zo da su zama mai zuwa, bayan la'asar, domin da su za mu sayi tukwane kafin bazara.

Sakataren ƙungiya