A tura yaranmu su koyi aikin na'urar gashin ciwon daji

Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan masu aiki da na'urar gashin ciwon daji, wato rediyoterafi. Bara munka kai innata wani asibitin koyarwa a wata jiha saboda sankarar mama, kullum daga Litinin zuwa Juma'a sai an kwantar da ita an daidaita jikinta da alamomin da anka zana mata a ƙirji kafin a kunna na'ura, kuma wallahi ma'aikata biyu ne ke ta fama da layi tun safe har la'asar, ran da ɗayan bai da lafiya haka munka koma masauki ba a yi mata ba. Ga kuɗin mota ga na abinci.

Likita ne ke rubuta adadin hasken da za a ba mara lafiya, amma hannun waɗannan bayin Allah ne ke aikin, in anka kauce kaɗan sai a ƙona nama mai lafiya. Ba aikin da za a koya a wata uku ba ne. Digirin rediyogirafi, wato karatun aiki da na'urorin hoto da na gashi a asibiti, shekara 5 ne, ana yin shi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, nan kusa da mu.

Ina roƙon gwamnatin Zamfara ta ɗauki nauyin yaranmu, musamman mata, don innata ta fi sakin jiki da mace. In sun gama a tura su ƙarin horo kan gashin, a kuma ba su albashin da zai hana su tafiya Saudiyya.

Nagode.
Mai karatunku daga Gusau