Zuwa ga ɗana, game da mutum-mutumin da ka aiko hotonsa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Ingila bai hana ka karatu ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na ga hoton da ka ɗauka a filin jirgin Teesside, na sojan tagulla da ya ɗaga hannu yana sarawa. Ka ce ka wuce shi ba ka karanta rubutun ba. To, tsohon malamin tarihi ba ya barin irin wannan ta wuce, musamman da yake a ƙasan hoton ka rubuto mini cewa wahalar da ka sha a kan abokinka ta tashi a banza.

Sunansa Andrew Mynarski, ɗan Winnipeg ta Kanada, iyayensa 'yan Folan. Wannan filin, a Yaƙin Duniya na Biyu, sansanin sojan sama ne da ake kira Middleton St George. Daga nan jirginsu, Lancaster mai ɗaukar mutum 7, ya tashi daren 12 ga Yunin 1944 zai kai hari kan layin dogo a Cambrai ta Faransa. Jirgin Jamus ya tare su cikin duhu, ya harbe su, wuta ta kama. Matuƙi ya ce kowa ya dira.

Mynarski ya iso bakin ƙofa, laimar saukarsa a jiki, saura taki ɗaya. Sai ya waiga ya hango abokinsa Pat Brophy, maharbin da ke wutsiyar jirgin, a maƙale cikin kejin bindiga, kejin ya ƙi juyawa. Ya koma. Ya rarrafa ta cikin man da ke ci da wuta, ya sari ƙarfen da gatari, ya ƙi. Ya kama da hannu yana ja, ya ƙi. Kayansa da laimarsa suka kama. Brophy ya yi ta yi masa nuni da ya tafi. Da ya ga babu dabara, ya ja da baya zuwa ƙofa, ya miƙe, ya sara masa, sannan ya dira yana ci da wuta. Mutanen karkara suka tsince shi da rai, amma ƙunar ba ta bar shi ba. Shekararsa 27, yadda kake yanzu da 'yan watanni. Kabarinsa na Méharicourt ta Faransa.

Ga inda nake so ka tsaya. Bai ceci Brophy ba. Jirgin ya faɗi da bama-bamansa, kejin ya ɓalle ya wurgar da mutumin, ya tashi da ransa. Mai sauran shan ruwa ke nan. Shi ne daga baya ya ba da labari, aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma ta Birtaniya, a 1946. An ba shi ne don ya koma, alhali ƙofa na buɗe.

Ba ina yabon yaƙi ba ne. Waɗannan jirage sun ƙone Hamburg da Dresden da mata da yara a ciki, kuma su kansu 'yan rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya, 55,573 ne ba su dawo ba. Abin ba daɗin ji ta kowane ɓangare.

Kai kuwa, ka ranta wa yaron nan kuɗi, ka raka shi ofis-ofis, ka kwana kana cike masa takardu, duk da haka kuɗin makaranta ya gagara, ya dawo gida. Yanzu kunya ta sa ka daina ɗaga wayarsa. Wannan ne bai yi mini daɗi ba. Rabonsa ba a hannunka yake ba, ɗana. Naka shi ne ka koma, kuma ka koma ɗin. Jiya mahaifinsa ya tare ni bayan la'asar, ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa maka albarka, har na rasa abin cewa.

Ka kira shi kafin Juma'a, kada ka ta da maganar bashin. In ka sake bi ta filin, ka karanta mini rubutun da ke gindin tagullar. Hajiyarka ta ce kilishin yana hanya.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka