Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban kwamitin gasar kimiyya ta makarantu

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ni mushe ne, ina koyar da fizik a wata lise ta jahar Tawa. Ka fi ni sanin hanyar da ƙungiyar makaranta ke bi kafin ta kai Yamai: a zaɓa cikin makaranta, a tankaɗe a jaha, sannan gasar ƙasa. A tankaɗen jaha ake zubar da yaranmu tun ba su buɗe baki ba.

Bana sanarwa ta iso mana ta WhatsApp saura kwana 3. Ɗalibaina huɗu, mata biyu maza biyu, sun shafe wata biyu suna haɗa murhu mai dafuwa da hasken rana, da kwali da gutsuren madubi, har ya tafasa ruwa a gabanmu. Kwana 3 ba su isa in bi gida gida in nemi yardar iyayen ƴan matan ba, balle a tara kuɗin mota da na masauki. Ranar gasa murhun na ajiye cikin aji. Washegari ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko sun faɗi ne. Na rasa abin ce mata, don ba wanda ya gwada su.

Yaron birnin Tawa kabu-kabu zai hau ya je. Na Abalak, Cintabaradan, Buza ko Keita fa? Jahar nan gundumomi 12 gare ta, amma waje ɗaya ake tankaɗe. Da bakinka ka ce mana kowace gunduma za ta sami wakilci. Dokar ilimi ta 1998 ma ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, gwanin binciken makamashin rana, a Tasawa aka haife shi a 1929, ba a babban birni ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, ku fitar da ranaku da sharuɗɗa a rubuce tun buɗe lakkol a watan Oktoba. A yi zagayen farko a kowace gunduma, wanda ya ci a ɗauki nauyin tafiyarsa. Maganar rashin ɗakin gwaji da kayan aiki na nan, sai wani jiƙo.

Biyu daga cikin yaran nan bana za su yi bakaloriya. Sauran biyun na jiran in faɗa musu ko su ci gaba da gyaran murhun don baɗi.