Wasiƙar godiya ga Cibiyar Whitehead kan aikin Marigayiya Farfesa Susan Lindquist

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Bincike ta Whitehead da ke Cambridge, jihar Massachusetts ta Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni malami ne mai koyar da ilimin halittu, kuma na rubuto ne a bainar jama'a don in gode muku kan abu ɗaya: kun bai wa Farfesa Susan Lindquist wuri da lokaci ta bi tambayoyin da a idon mai gaggawa ba su da wata riba. Tun zuwanta gare ku a 2001, inda ta shugabanci cibiyar har 2004, zuwa rasuwarta a watan Oktoban 2016, ɗakin bincikenta bai bar aiki da yis ba, wato wannan ƙwayar da ke sa kullu ya tashi, alhali tambayoyin da take nema wa amsa na cututtukan ɗan'adam ne.

Ga masu karatu da ba su san fagen ba, kowane furotin a jiki dogon zare ne, kuma yawancinsu sai sun naɗe cikin wata siffa ta musamman kafin su yi aiki. Zafi na warware wannan naɗi, furotin su cakuɗe su dunƙule. Sai ƙwayar halitta ta yi sauri ta ƙera wasu furotin masu agaji, waɗanda ake taƙaita sunansu da HSP, su taimaka a sake naɗin ko a kawar da wanda ya lalace. Ferruccio Ritossa ne ya fara ganin alamar haka a Italiya, ya wallafa a 1962, bayan an ƙara zafin akwatin da ƙananan ƙudajen gwajinsa ke ciki. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka gano furotin ɗin kansu.

Jami'ar Chicago, inda Lindquist ta yi aiki kafin ta zo gare ku, na da nata rabo a wannan yabo. A can ne Lindquist ta nuna cewa Hsp104, ɗaya daga cikin waɗannan masu agaji, na iya kwance furotin da suka riga suka dunƙule, a can ne kuma, tare da Suzanne Rutherford a 1998, ta nuna cewa Hsp90, wani daga cikinsu, na lulluɓe bambance-bambancen gado a jikin ƙudaje, sai an raunana shi su fito fili. Amma a hannunku ne aikin ya tsallaka zuwa ga marasa lafiya.

A 2003 ita da Tiago Outeiro suka sa furotin alpha-synuclein, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, a cikin yis, ya kuma yi wa yis ɗin illa. Da haka aka samu hanya mai araha ta gwada dubban sinadarai kafin a taɓa dabba. Aikin da ya fi burge ni shi ne na 2005 tare da Leah Cowen. Sun nuna cewa Candida, fangas ɗin da ke kama masu raunin garkuwar jiki, na dogara da Hsp90 wajen bijire wa magunguna irin su fluconazole. Idan aka toshe Hsp90, ko zafi ya kai na zazzaɓi, wannan bijirewa sai ta karye. Duk lokacin da na kai nan a aji, ɗalibai kan fara tambayar ko ashe zazzaɓi na da nasa aikin, kuma tambaya ce mai kyau. Sannan a 2007, tare da Chengkai Dai, suka gano cewa ɓerayen da ba su da HSF1, wato makunnin da ke tayar da HSP, sun fi tsira daga sankara nesa ba kusa ba. Ashe abin da ke ceton lafiyayyar ƙwaya shi ma sankara ke jingina da shi.

Ba duka aka ci riba nan take ba. Magungunan toshe Hsp90 da yawa sun shiga gwaji a kan masu sankara suka tsaya a hanya, sai a 2022 Japan ta amince da pimitespib don wata sankarar hanji da ciki. A ganina wannan jinkiri ne ma ya nuna darajar cibiya irin taku, domin kamfanin magani ba zai jira shekara ashirin ba.

Ina kuma gode muku kan mutanen da kuka yaye. Cowen na da nata ɗakin bincike a Jami'ar Toronto, Outeiro kuma a Göttingen ta Jamus, kowannensu na horar da nasa ɗalibai. Lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya da Shugaba Obama ya miƙa wa Lindquist a 2010 sunanta ke kai, amma masu wanke kwalaben gwaji da masu kiwon ɓeraye da masu kula da injuna a gininku duk suna da hannu a ciki. A isar musu da gaisuwata.

Naku,
Wani malamin ilimin halittu